Daga Makuba Zuwa Mahaɗin Siminti: Waiwaye a Kan Tarihin Gini da Kalmominsa a Zangon Agege

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin wani sabon gini a unguwannin Hausawa na Legas, ko Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, ba zai daɗe ba sai ya ji wani lebura yana cewa a dakata har siminti ya bushe. Jimlar ba ta da aibi ta fuskar nahawu. Amma ta fuskar abin da ke wakana a cikin kwaɓin, ta faɗi akasin gaskiya, domin shan ruwa ne ke sa siminti ya yi ƙarfi, kuma idan ya bushe da wuri lalacewa yake yi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda Bahaushe ya tashi daga ginin ƙasa ya koma ginin siminti a Agege, ta dubi tarihin sinadaran da ake gaurayawa da siminti don a sauya halinsa, sa'an nan ta nuna inda kalmomin da aka gada daga tsohuwar sana'a suka dace da sabuwa da inda suka saɓa mata. A nan an zaɓi kalmar mahaɗi, jam'i mahaɗai, don ta wakilci duk wani abu ɗan kaɗan da akan zuba a kwaɓi bayan siminti da yashi da tsakuwa da ruwa.

2.0 Mahaɗi a Ginin Gargajiya

Mahaɗi ba baƙon abu ba ne ga maginin ƙasar Hausa. Tun kafin zamanin Muhammadu Durugu, wato Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim cikin shekarun 1830, magina sun san cewa jar ƙasa ita kaɗai ba ta isa ba. Akan kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, kafin a dunƙula tubali a shanya a rana. Wajen yaɓe da daɓe kuwa akan nemi makuba, wato ruwan da ake samu idan aka jiƙa ɓawon ɗorawa. Makuba na sa fuskar bango ta yi tauri, ta yi duhu, ruwan sama ya riƙa zamewa a kanta.

Abin da ya fi makuba daraja shi ne laso. Ana haɗa shi da abubuwa uku. Na farko katsi, wato laka mai toka da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, wadda akan kwashe a ƙone a daka. Na biyu gashin jima, wato gashi da maiƙon da majema ke kankarewa daga fata. Na uku dafara, wadda akan daka saiwarta a jiƙa ta ba da ruwa mai yauƙi. Idan aka dubi wannan haɗi da idon mai ilmin sinadarai na yau, za a ga kowane ɗaya da aikinsa: katsi shi ne abin da ke kamawa, gashi na hana tsagewa, maiƙo na korar ruwa, yauƙin dafara kuma na riƙe kwaɓin wuri guda ya shafu da kyau. Da laso ake shafe rufin soro, da shi kuma ake shafe cikin rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata a Kano. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana ire-iren waɗannan kalmomi, kuma yawansu shaida ne cewa sana'ar ta yi zurfi.

Sai dai akwai ƙa'ida guda da ginin ƙasa ya dogara a kanta baki ɗaya. Ruwa yana shiga ne don a sami damar sarrafa ƙasar, kuma sai ya fita bango zai yi ƙarfi. Shi ya sa rani ne lokacin gini, shi ya sa kuma "bushewa" da "yin ƙarfi" suka zama kusan abu ɗaya a bakin magina.

3.0 Hausawa a Agege

Zaman Hausawa a Ikko, kamar yadda tsofaffi ke kiran Legas, ya girmi mulkin mallaka. Bayan Ingila ta ƙwace garin a 1861, John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa a 1863, kuma tarihin unguwar Obalende yana da alaƙa da sojojin Hausawa na wancan zamani. Agege kuwa, wadda ƙasar Awori ce, goro da jirgin ƙasa ne suka jawo Bahaushe cikinta. An fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya ratsa ta Agege ya kai Ibadan a 1901, ya kuma isa Kano a 1911. A daidai wannan lokaci gonakin koko da goro sun bunƙasa a kewayen Agege. Fatake da a da sukan yi watanni a hanyar Gwanja sai suka sami goro a bakin tasha. Shanu na gangarowa daga Arewa, huhunan goro na hawa. Ta haka zango ya kafu, da masu masauki da dillalai da malamai da mahauta, har da sarautar Sarkin Hausawa.

Abin da bai iya biyo su a jirgi ba shi ne soro. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kusan ninka na Kano, damina ta fi tsawo, iska kuma ba ta rabuwa da laima. Rufin ƙasa a kan azara ba zai jure wannan ba. Ba marina kusa da za a ɗebi katsi, ɗorawa kuma itacen Arewa ce. Saboda haka gidajen farko na zango suka bi tsarin masu ƙasa: bangon jar ƙasa, rufin ciyawa, daga baya rufin kwano mai faɗin baki da ke kare bango daga feshin ruwa. Da hali ya samu sai aka fara shafe bangon ƙasar da siminti, daga nan kuma aka koma bulo ɗungurungum. Kalmomi suka biyo kaya: siminti ko sumunti, kankare, bulo, rodi, filasta, birkila, lebura, shebur, baro, tifa, ɗan kwangila. Wasu kuma aka ƙirƙiro su a gida, kamar kwanon sarki da cokalin gini. Abin lura shi ne an ari sunaye, amma ba a ari aikatau ba. Kwaɓa da shafa da yaɓa da bushe duk na ginin ƙasa ne, su aka ɗora wa sabon abu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

4.0 Siminti a Legas

Wani birkila na garin Lids a Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar simintin da ake kira na Fotlan a 1824. Fiye da rabin ƙarni na ashirin, duk simintin da aka yi aiki da shi a Nijeriya ta teku ya shigo. Masana'anta ta farko a ƙasar ita ce ta Nkalagu a Gabas, wadda ta fara aiki a 1957. Ta Ewekoro, wadda ke kan hanyar Legas zuwa Abeokuta, hanyar da ta bi ta Agege, ta fara a 1960 da simintinta mai tambarin giwa. Ta Sakkwato ta biyo baya a 1967, ta Shagamu kuma a 1978.

Shekarar da ba a mantawa da ita a wannan tarihi ita ce 1975. Da kuɗin mai suka shigo, hukumomin gwamnatin Janar Yakubu Gowon suka ba da odar siminti kimanin tan miliyan 20, wanda miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne. Tashar Apapa ba ta da ƙarfin sauke ko kusa da wannan adadi. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu na watanni, ana biyan su kuɗin jira kullum. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed, wadda ta hau a watan Yulin shekarar, ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore, cunkoson kuma na cikin dalilan da suka sa aka gaggauta gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Abin da ya shafi wannan maƙala a labarin shi ne makomar simintin kansa. Da yawa daga cikinsa ya sha laimar teku ya daskare a cikin jiragen. Bai ga rana ba, bai sha iskar hunturu ba, amma ya zama dutse. Babu hujjar da ta fi wannan nuna cewa bushewa ba ita ce sirrin siminti ba.

A ƙarshen shekarun 1970 ne Aliko Dangote, Bakano, ya shiga cinikin siminti, ya kuma mayar da cibiyar kasuwancinsa Legas. Masana'antarsa ta Ibese a jihar Ogun ta fara aiki a 2012. Ke nan Bahaushe ya shiga wannan sana'a ta kowace ƙofa: mai masana'anta, dillali, mai gida, direban tirela, da kuma ɗan cirani mai haƙan harsashi da ɗaukar kwanon sarki. Har kalmar "mai ruwa" ta zauna daram a bakin mutanen Legas, kuma shi ne yakan kawo ruwan da ake kwaɓi da shi a ƙananan gine-gine.

5.0 Abin da ke Faruwa Idan Siminti ya Gamu da Ruwa

Ana yin siminti ne ta hanyar ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, har su zama ƙananan duwatsu da ake kira kilinka. Sai a niƙe kilinka tare da jifsam kaɗan, kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A cikin garin akwai manyan ma'adinai huɗu. Biyu, alait da belait, haɗin kalsiyam ne da silika, kuma su ne tushen ƙarfi. Alait mai sauri ne, belait mai nawa. Na uku, alumineti, shi ya fi kowa zalamar ruwa. Na huɗu mai ɗauke da baƙin ƙarfe ne. Bafaranshe Henry Le Chatelier ne ya bayyana a 1887 cewa ma'adinan nan narkewa suke yi a ruwa, sa'an nan sababbin abubuwa su tsiro daga ruwan su sarƙe da juna.

Aikin yana tafiya mataki-mataki. A mintunan farko fuskar ƙwayoyin na narkewa da sauri. Da ba don jifsam ba, da alumineti ya sa kwaɓin ya sandare kafin birkila ya ɗaga cokali. Jifsam ke tare shi, su haɗu su haifar da wasu siraran allurai da ake kira etiringait. Saboda haka jifsam shi ne mahaɗi na farko, wanda ke cikin buhu tun daga masana'anta. Daga nan sai abubuwa su lafa na awa ɗaya zuwa uku, kuma a wannan lafawar ce ake ɗauka, a zuba, a daddale. Bayanta sai alait ya motsa gadan-gadan, wani abu mai kama da danƙo ya tsiro a jikin kowace ƙwaya yana cike gurbin ruwa yana ɗaure yashi da tsakuwa, kwaɓin ya ɗauki zafi, ya kama. Daga nan ƙarfi zai yi ta ƙaruwa a hankali. A kwana 7 kankare yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake auna shi da shi a kwana 28, muddin akwai danshi a jikinsa.

Ruwan da ke shiga jikin siminti ya zama ɓangarensa kusan rubu'in nauyinsa ne, wato kamar lita 12 ga buhu mai kilo 50, kuma jarka guda mai lita 20 ta ishi buhun ya gama aikinsa. Abin da ya haura wannan yakan fita daga baya ya bar ƙananan ramuka. Ba'amurke Duff Abrams ya tabbatar a 1918 cewa ƙarfin kankare na raguwa gwargwadon ƙaruwar ruwan kwaɓi. A nan matsalar mai gini take: kwaɓi mai ƙarancin ruwa yana da wuyar sarrafawa, mai yawan ruwa kuma ba shi da ƙarfi. Yawancin tarihin mahaɗai ƙoƙari ne na warware wannan ƙulli.

6.0 Mahaɗai da Ayyukansu

6.1 Masu Jinkirtawa

Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne sukari. Yana manne wa ƴan ƙananan tsirran da ke fara fitowa a ƙarshen lafawa, ya kuma riƙe kalsiyam ɗin da ke cikin ruwa, sai girmansu ya tsaya. Giram 25, wato kamar babban cokali biyu, a buhu guda yana iya jinkirta kamawa da wasu awoyi, rabin kilo kuwa yana iya hana ta kusan gaba ɗaya. A watan Janairun 2014, da ɗanyen kankare ya kwarara cikin ɗakin na'urorin jirgin ƙasa a tashar Biktoriya ta Landan, sukari aka saya aka zuba don a samu a kwashe shi kafin ya kama. A gari mai zafi da cunkoson motoci irin Legas, motar kwaɓaɓɓen kankare ba ta iya yin nisa ba tare da mai jinkirtawa da aka auna ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, buhun da aka taɓa zuba sukari ko duron da aka taɓa ajiye abin zaƙi yana iya ɓata zubi guda. Ruwan itatuwa irin su makuba da ƙaro suna ɗauke da sinadaran da ke jinkirta kamawar siminti, shi ya sa abin da ke gyara bangon ƙasa ba a zuba shi a kankare da ka.

6.2 Masu Gaggautawa

Tun 1885 aka yi rajistar amfani da wani gishiri, kalsiyam kuloraid, a Ingila don sa siminti ya kama da wuri. Yana gajarta lafawa, ya zaburar da alait. Illarsa ba ta bayyana sai bayan shekaru: kuloraid yana karya kariyar da kankare ke yi wa rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. A 1977 ƙa'idojin gini na Ingila suka hana shi a kankare mai rodi. Darasin ya shafi Legas kai tsaye, domin yashin da aka yaso daga ruwan gishiri ba a wanke ba, da ruwan rijiya mai zartsi, suna shigar da kuloraid ɗin nan cikin gini ba tare da kowa ya yi niyya ba.

6.3 Masu Sakin Kwaɓi

Ƙwayoyin siminti kan cure wuri guda a cikin ruwa, su kulle wani ɓangare na ruwan a tsakaninsu. A shekarun 1930 aka gano cewa dagwalon masana'antar takarda, wanda ke fitowa daga liginin na itace, yana lulluɓe ƙwayoyin ya sa su ture juna, ruwan da aka kulle ya fito, kwaɓi ya saki ba tare da an ƙara ruwa ba. A 1964 Kenichi Hattori na Japan ya fito da wanda ya fi shi ƙarfi daga naftalin, Jamusawa kuma suka yi nasu daga melamin. A 1981, a Japan ɗin dai, aka ƙirƙiro folikabokzilet, wanda ƙirarsa kamar ta mataji ce: gadon bayansa na manne wa ƙwayar siminti, haƙoransa na hana wata ƙwayar matsowa. Da shi ana iya rage ruwan kwaɓi da kashi 30 cikin ɗari ko fiye. Dogayen benaye da gadojin zamani sun dogara ƙwarai a kan irin waɗannan.

6.4 Masu Sa Kumfa

A ƙarshen shekarun 1930 aka lura a Amurka cewa wasu titunan kankare sun fi jure ƙanƙara, aka bincika aka tarar an niƙa simintinsu da kitsen shanu, wanda ya haifar da ƙananan kumfa a ciki. Daga nan aka fara sa kumfa da gangan a ƙasashen sanyi. Birkilan da ke barbaɗa garin sabulu a kwaɓi don ya yi santsi, wannan aikin yake yi ba da awo ba. Ga shi babu ƙanƙara a Agege, kuma kowane kashi ɗaya cikin ɗari na iska yana cin kimanin kashi 5 na ƙarfin kankare.

6.5 Jituwa

Mahaɗi ba ya aiki iri ɗaya da kowane siminti. Alumineti yakan zuƙe mai sakin kwaɓi a mintunan farko idan jifsam bai wadata ba, sai kwaɓin ya yi tauri kafin a kai shi inda za a zuba. Shi ya sa jinkirta zuba mahaɗin da ɗan lokaci bayan ruwa yakan ƙara masa tasiri. Wasu nau'o'in yumɓu da ke cikin yashi mai datti suna haɗiye folikabokzilet. Zafin rana ma na sauya lissafi. Saboda haka ƙa'idar masu sana'a ita ce a gwada kowane mahaɗi da simintin da yashin da za a yi aiki da su kafin ranar zubi, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Matsalar Kalmomi

Rushewar gini a Legas ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A watan Maris na 2019 bene mai ɗauke da makaranta ya rufta a Ita Faji, a ranar 1 ga Nuwamba 2021 kuma bene mai hawa 21 ya faɗi a Ikoyi ya hallaka fiye da mutum 40. Dalilan irin wannan masifa suna da yawa, daga zane zuwa harsashi zuwa ha'inci, kuma ba a ce kalma ce ta kayar da bene ba. Amma leburan da ke kwaɓi shi ne mutum na ƙarshe da ke yanke yawan ruwan da zai shiga, shi ne kuma sau da yawa wanda gini ke fara dannewa. Bayanin da ke jikin buhu da galan da Ingilishi yake. Abin da ya rage masa shi ne fahimtar da harshensa ya ba shi, ita kuwa ta ginin ƙasa ce: ruwa baƙo ne mai wucewa, yawansa ba ya cutarwa tun da zai fita, rana kuma abokiyar aiki ce.

Hausa ba ta rasa kalmomin gyara wannan ba. Magina da kansu suna cewa siminti ya kama, masu buga bulo kuma suna yi masa ban ruwa safe da yamma kamar shuka, wato hannu ya riga baki gane gaskiya. Abin da ya rage shi ne a rarrabe. Ana iya keɓe shan ruwa ga haɗuwar siminti da ruwa, lafawa ga awoyin da kwaɓi ke sarrafuwa, kamawa ga lokacin da ya daina motsi, nuna ga ƙaruwar ƙarfi har kwana 28, ban ruwa ga kiyaye danshinsa, a bar bushewa ga tubali da fenti. Kalmar nuna ta dace musamman, domin Bahaushe ya san abin da bai nuna ba ba a taɓa shi, kuma ya san nuna daban take da bushewa. Haka nan mahaɗi ya fi "magani" da wasu ke kiran waɗannan sinadarai, domin magani na sa a zaci akwai cuta, a kuma zaci ƙari alheri ne, alhali mahaɗi kowa ya san da gwargwado ake sa shi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda maginin Hausa ya mallaki ilmin mahaɗi tun a zamanin makuba da laso, yadda ruwan Kurmi ya raba Hausawan Agege da soro ya haɗa su da siminti, da yadda aikatau na tsohuwar sana'a suka bi su zuwa sabuwa. An kuma ga cewa kowane mahaɗin zamani yana taɓa wani mataki ne na shan ruwan siminti, ko ya tsawaita lafawa, ko ya gajarta ta, ko ya warware ƙwayoyi, ko ya sa iska. Aikin da ke gaban cibiyoyin nazarin harsuna guda biyu ne. Na farko a tattara kalmomin magina daga bakin tsofaffin da suka rage a Kano da Zariya da Katsina, da na birkiloli a Agege da Sabon Ibadan. Na biyu a zauna da injiniyoyi a daidaita ƴan kalmomin da aka ambata, a kai su rediyo da makarantun koyon sana'a da jikin buhun siminti, inda mai kwanon sarki zai gamu da su.